Tambayoyinku da Amsoshinmu: Yadda Jami'a Ta Raya Birnin Madison na Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki, kuma na sha jin ana cewa a Amurka akwai garuruwan da jami'a ce ke riƙe da su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, makaranta wuri ne da ake kashe kuɗi, to ta yaya za ta zama tushen arzikin gari? Ina roƙon a ba ni misali da gari ɗaya, a yi mini bayaninsa filla-filla.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Garin da zan ɗauka shi ne Madison, babban birnin jihar Wisconsin da ke arewacin tsakiyar Amurka, kimanin kilomita 240 daga Shikago. Tsakiyar birnin tana zaune ne a kan wani siririn tudu da ya ratsa tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona, a ƙasar da asalinta ta al'ummar Ho-Chunk ce kafin a tilasta musu sallama ta ga gwamnatin Amurka a yarjejeniyar 1832. An zaɓi wurin ya zama mazaunin gwamnati a 1836, lokacin da garin bai wuce zane a kan takarda ba, aka raɗa masa sunan James Madison, shugaban Amurka na huɗu. A 1848 Wisconsin ta zama jiha, a shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Wisconsin, wadda ta buɗe ajinta na farko a watan Fabrairun 1849 da ɗalibai 17. Yau ɗalibanta sun kai kimanin 50,000, a garin da ƙidayar 2020 ta samu mutum 269,840, bayan ta 2010 ta samu 233,209.

Hanya ta farko da jami'a ke kawo kuɗi a bayyane take, ba sai na daɗe a kanta ba. Ɗalibai suna biyan haya, suna cin abinci, suna sayen sutura. Malamai da ma'aikatan asibitin koyarwa suna karɓar albashi suna kashe shi a cikin gari. Sannan jami'ar tana kashe sama da dala biliyan ɗaya da rabi a shekara wajen bincike, wanda kaso mai yawa na kuɗinsa daga gwamnatin tarayya yake fitowa. Duk wannan dukiya ce da ke shigowa daga waje. Sai dai garuruwa da dama suna da babbar makaranta ba tare da sun bunƙasa kamar Madison ba, saboda haka sai mu nemi dalili a wani wurin.

A ganina dalilin shi ne tun da wuri mutanen wannan jami'a suka ɗaura ilminsu da sana'ar jama'ar jihar, daga baya kuma suka samar da tsarin da zai sa ribar ilmin ta riƙa komawa inda aka samo shi. Wisconsin ƙasar kiwon shanun madara ce. A 1890 wani malamin jami'ar, Stephen Babcock, ya ƙirƙiro hanya mai sauƙi ta auna yawan maiƙon da ke cikin madara, abin da ya ba masu sayen madara damar biyan kowane makiyayi gwargwadon ingancin abin da ya kawo, ya kuma toshe ƙofar masu sirka ta da ruwa. Babcock ya ƙi yi wa ƙirƙirar rajistar mallaka, ya bar ta kyauta ga kowa. Wannan ɗabi'a ce Charles Van Hise, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1903 zuwa 1918, ya mayar da ita manufa: cewa amfanin jami'a ya kamata ya isa kowane gida a jihar.

Wanda ya sauya al'amarin ta fuskar kuɗi shi ne wani malamin jami'ar, Harry Steenbock. A 1923 ya gano cewa idan aka haska abinci da wani nau'in haske irin wanda ke cikin hasken rana, sinadarin bitamin D yana ƙaruwa a cikinsa, kuma rashin wannan sinadari ne ke jawo cutar laushin ƙashi mai lanƙwasa ƙafafun yara. Ya ciro dala 300 daga aljihunsa ya nemi rajistar mallaka. Kamfanin Quaker Oats ya yi masa tayin kusan dala miliyan ɗaya ya ƙi karɓa don kansa, ya nemi a kafa wata gidauniya mai zaman kanta da za ta riƙe haƙƙin, ta riƙa ba kamfanoni lasisi, ta juya kuɗin, ta mayar da ribar ga binciken jami'a. Haka aka kafa gidauniyar, mai suna WARF, a 1925, da dala 900 da tsofaffin ɗalibai tara suka haɗa, kowa da ɗari ɗaya. Tallafinta na farko ga jami'ar a 1928 dala 1,200 ne, amma a 'yan shekarun nan abin da take bayarwa yakan haura dala miliyan 100 a shekara. Adalci ne a ambata cewa ba tausayin yara kaɗai ya motsa Steenbock ba, domin yana so ya hana masu yin man shafa wa burodi daga man tsirrai amfani da fasahar su kassara kasuwar man shanu ta jiharsa, kuma a shekarun 1940 kotu ta soke rajistar. Kafin nan gidauniyar ta riga ta tsaya da ƙafafunta.

Labari na biyu ya fi nuna yadda ƙofar jami'ar take a buɗe ga talaka. A watan Fabrairun 1933, cikin tsananin sanyi da dusar ƙanƙara, wani makiyayi ya tuƙo mota zuwa Madison ɗauke da mushen saniya, da tarin busasshiyar ciyawar da ta yi fumfuna, da gwangwanin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Shanunsa suna mutuwa ne da zubar jini, bai san dalili ba. Ya faɗa ɗakin gwaje-gwajen Karl Paul Link, wanda shi da ɗalibansa suka shafe shekaru suna bin diddigi har suka ware sinadarin da ke cikin ruɓaɓɓiyar ciyawar. Daga wannan aiki aka samar da warfarin, wanda ya shiga kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera, aka amince da shi ga mutane a 1954 don hana jini daskarewa a jijiya, har aka ba shugaban Amurka Eisenhower shi bayan bugun zuciyar da ya same shi a 1955. Kuɗin lasisinsa ma gidauniyar suka koma. Lokacin da majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Bayh-Dole a 1980, wadda ta ba jami'o'i ikon mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya, Madison ta riga ta yi fiye da rabin ƙarni tana gudanar da irin wannan tsari.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce. Shin kamfanonin da ke irin waɗannan garuruwa malaman jami'a ne ke kafa su, ko daga waje suke zuwa? Kuma wanda bai yi karatu mai zurfi ba, ina rabonsa a ciki?

Amsa: Barka kadai, Malama. Ana samun duka biyun, kuma mafi girman misali a Madison ɗaliba ce ta kafa shi. Judith Faulkner ta yi digirinta na biyu a fannin kwamfuta a wannan jami'a, inda ta fara rubuta manhajar adana bayanan marasa lafiya ga likitocin asibitin koyarwa. A 1979 ta kafa kamfani a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da jarin kimanin dala 70,000, shi ne wanda ake kira Epic Systems a yau. Manyan asibitocin Amurka da yawa da manhajarsa suke aiki, ma'aikatansa sun haura 13,000, kuma har yanzu bai shiga kasuwar hannayen jari ba. A 2005 ya fara ƙaura zuwa Verona, wani ƙaramin gari a gefen Madison, wanda jama'arsa suka tashi daga kimanin 7,000 a 2000 zuwa kimanin 14,000 a 2020. Abin lura shi ne yawancin waɗanda kamfanin ke ɗauka matasa ne da suka gama jami'a ba da daɗewa ba, daga sassan Amurka daban-daban, kuma da yawansu a tsakiyar Madison suke kama haya, su riƙa zuwa aiki suna dawowa. Dogayen gidajen hayar da suka cika gabashin tudun nan na tsakanin tafkuna a shekarun baya-bayan nan, irin waɗannan ma'aikata suna cikin manyan dalilan gina su.

Akwai kuma Promega, wanda Bill Linton ya kafa a 1978 don sayar wa masu bincike sinadaran gwaji. Exact Sciences kuwa baƙo ne: ya taso daga jihar Massachusetts a 2009, ya samu amincewar hukuma a 2014 kan gwajinsa na gano sankarar hanji, ya ɗauki dubban ma'aikata. Jami'ar da kanta ta keɓe wani filin gonarta a 1984 ta mayar da shi unguwar kamfanonin bincike. Kada kuma a manta cewa gwamnatin jiha a nan take da dubban ma'aikatanta, ga kamfanin inshora na American Family da aka kafa a garin tun 1927. Albashin gwamnati da na jami'a ba ya yankewa farat ɗaya idan kasuwa ta faɗi, shi ya sa rashin aikin yi a gundumar Dane, wadda Madison ke cikinta, ya saba zama ƙasa da na sauran ƙasar.

Rabi na biyu na tambayarki ya fi nauyi, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Tun 1919 kamfanin Oscar Mayer yake sarrafa nama a arewa maso gabashin garin, inda a shekarun 1970 ya riƙe ma'aikata kusan 4,000. Aiki ne da mutum zai shiga da takardar sakandare, ya sayi gida, ya aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya da fansho. A watan Nuwamban 2015 kamfanin Kraft Heinz da ya mallake shi ya sanar da rufe masana'antar, aka rufe a 2017, kimanin mutum 1,000 suka rasa aiki. A ƙididdiga garin bai girgiza ba, domin sababbin ayyuka sun ninka waɗanda aka rasa. Amma magidanci ɗan shekara 55 da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan injin yanka nama ba zai wayi gari yana rubuta manhaja ba, kuma abin da ya rage wa irinsa galibi aikin gidan abinci ne, ko shara a otal, ko tuƙi, waɗanda albashinsu ba ya kamo kuɗin haya.

Tambaya: Malam, ni abin da nake son sani shi ne yadda rayuwa take a irin wannan gari. Ban da karatu da aiki, me jama'a ke yi?

Amsa: Wanda yake son ganin Madison da idonsa ya fita da safiyar Asabar tsakanin Afrilu da Nuwamba zuwa dandalin da ya kewaye ginin majalisar jiha. Tun 1972 kasuwar manoma ke ci a wurin, kuma dokarta ita ce ba mai kasa kaya sai wanda ya noma ko ya sarrafa abin da hannunsa a cikin jihar, wato babu dillali babu ɗan sari. Rumfuna suna jere a gefen titi ta kusurwoyi huɗu, jama'a kuma suna tafiya a hankali ta fuska ɗaya, suna kewaya ginin kishiyar yadda hannun agogo ke juyawa, kowa da jakarsa. Ga mai cuku yana miƙa ɗanɗano a kan tsinke, ga mai zuma, ga burodi da zafinsa, ga kuma manoma 'yan ƙabilar Hmong, waɗanda suka zo gudun hijira daga Laos bayan 1975, da tulin ganyaye da furanni a gabansu. Farfesa da direban bas a layi ɗaya suke tsayawa.

Daga dandalin, titin State ya miƙe kilomita ɗaya da 'yan kai har ƙofar jami'a, ba a barin motocin gida su bi shi, sai bas da keke da masu tafiya a ƙasa. A kansa ne cibiyar wasanni da kiɗe-kiɗe ta Overture take, wadda aka buɗe a 2004 da kyautar dala miliyan 205 daga attajiri ɗaya, Jerome Frautschi. Ginin ya ƙayatar, amma asusun da aka tanada don riƙe shi ya durƙushe a rikicin tattalin arzikin 2008, sai da aka sake tsarin tafiyar da shi. A ƙarshen titin akwai zauren ɗalibai da aka buɗe a 1928, da farfajiyarsa a bakin tafkin Mendota, cike da kujerun ƙarfe masu launin kore da rawaya da ruwan lemo, inda iyalai ke zama da yamma a lokacin zafi suna sauraron kiɗa kyauta suna shan ayis-kirim ɗin da sashen nazarin madara na jami'ar ke yi. A bakin ɗaya tafkin kuma akwai zauren taro na Monona Terrace, wanda shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya fara zanawa a 1938, mutanen gari suka yi ta jayayya a kansa har ya rasu, ba a buɗe shi ba sai 1997.

Gidan adana zane-zane na Chazen da gidan namun daji na Henry Vilas duk kyauta ake shiga. Ranar wasan ƙwallon Amurka a filin Camp Randall, mutum sama da 75,000 ne ke cika wurin sanye da jajayen kaya, otal-otal su cika maƙil. Kowace kaka, tun 1967, makiyaya daga ƙasashe da dama suna taruwa don baje kolin shanun madara na duniya. Da hunturu kuwa tafkunan daskarewa suke yi, har mutane su taka su kafa 'yan bukkoki a kai, su huda ƙanƙara su jefa ƙugiya. Ba zan ɓoye ba cewa shan giya a tsakanin ɗalibai matsala ce babba da hukumar jami'a da 'yan sanda suka daɗe suna fama da ita.

Garin yana da zafin siyasa tun da can. A 1967 an yi arangama tsakanin ɗalibai masu adawa da yaƙin Biyetnam da 'yan sanda, a watan Agustan 1970 kuma wasu suka tayar da bam a ginin Sterling na jami'ar, wani matashin mai bincike, Robert Fassnacht, ya rasa ransa. A 2011 dubun dubatar mutane suka mamaye ginin majalisa da dandalinsa na makonni, suna adawa da dokar da ta rage ƙarfin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati. Na kawo duk wannan ne domin ina ganin ba a raba shi da amsar tambaya ta farko. Matashin da ya gama digiri yana da zaɓin tafiya Shikago ko Kalifoniya, kuma kasuwar Asabar da bakin tafki da titin da zai taka da ƙafa suna cikin abubuwan da ke sa ya zauna, kamfani kuma inda irinsa suka zauna yake bi.

Tambaya: An ce ana koyar da Hausa a wannan jami'a. Gaskiya ne?

Amsa: An daɗe ana koyar da ita a can. Masana tarihi Philip Curtin da Jan Vansina suka assasa shirin nazarin Afirka a 1961, aka kafa sashen harsuna da adabin Afirka a 1964. Neil Skinner, mai ƙamus ɗin Turanci da Hausa, ya koyar a sashen shekaru masu yawa.

Tambaya: Malam, a gafarce ni, amma ina ganin ku marubuta kun cika yabon garuruwan Turawa. Babu gari marar aibu. Ina waɗanda wannan ci gaba bai kai gare su ba?

Amsa: Babu laifi, Alhaji, tambayarka a kan hanya take, kuma mutanen Madison da kansu sun sha yi wa junansu ita. A 2013 wata ƙungiya mai kula da walwalar yara da iyalai a jihar ta fitar da rahoto kan gundumar Dane wanda ya girgiza garin. Ya nuna cewa a 2011 rashin aikin yi a tsakanin baƙaƙen fata ya kai kashi 25.2 cikin 100, alhali na farare kashi 4.8 ne, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na yaran baƙaƙen fata cikin talauci suke, yayin da na farare ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Wannan tazara ta fi ta yawancin sassan Amurka muni, a garin da ke alfahari da ilmi da kare haƙƙin marasa ƙarfi. An samu sauƙi a wasu alƙaluman tun daga lokacin, amma bambancin sakamakon jarrabawa a makarantun gwamnati da na mallakar gida yana nan, kuma duk wanda ya bar titin State ya gangara unguwannin kudancin garin zai gani da idonsa. Abin da ya fi damuna a nan shi ne jami'ar da ta iya kai amfaninta rugar makiyayi mai nisan ɗaruruwan kilomita ta daɗe ba ta kai shi ga yaran da ke zaune tafiyar minti goma daga ƙofarta ba.

Matsala ta biyu muhalli ce. Gundumar ta tashi daga mutum 488,073 a 2010 zuwa 561,504 a 2020, gine-gine kuma ba su bi wannan sauri ba. Tsakiyar garin ba ta da wurin faɗaɗa saboda ruwa ya tsare ta dama da hagu, sannan doka ta hana duk ginin da ke cikin mil ɗaya daga majalisa ya wuce gindin ginshiƙan ƙubbarta, don kada a tare wa jama'a ganinta. Sakamakon haka haya ta yi tsada, ɗalibai suna rububin kama ɗakin shekara mai zuwa tun watanni kaɗan da fara zangon karatu, masu ƙaramin albashi kuma suna ƙaura zuwa garuruwan gefe. Mawaƙa da masu zane da ƙananan shaguna, waɗanda su suka ba garin armashinsa, suna cikin na farko da tsadar ke kora. Hukumar birni a ƙarƙashin magajiyar gari Satya Rhodes-Conway, wadda aka zaɓa a 2019, ta sassauta dokokin gini don a samu gidaje masu ɗaukar iyalai da yawa, ta kuma buɗe layin bas mai sauri a watan Satumban 2024 wanda ya haɗa gabas da yamma ta tsakiyar tudun.

Ta uku ba a cika ambatonta ba. Birane a Wisconsin sun dogara ne sosai da harajin gidaje da filaye, amma gine-ginen jami'a da na gwamnatin jiha ba sa biyan wannan haraji, alhali birni ne ke kai musu 'yan kwana-kwana da sauran hidimomi. Jiha tana biyan wani abu a madadin haka, sai dai ba ya cika abin da ake kashewa, kuma dokar jiha ta ƙayyade yadda birni zai iya ƙara haraji. Shi ya sa a watan Nuwamban 2024 hukumar Madison ta je gaban jama'a da ƙuri'ar raba-gardama tana neman izinin ƙara dala miliyan 22 a kan harajin shekara don kada a rage ayyukan bas da ɗakunan karatu da kwashe shara, masu zaɓe kuma suka amince, nauyin ya hau kan masu gidaje, su kuma suka sauke wani kaso a kan 'yan haya.